Zulƙidar Kwamiti da Tekun Harouna

Ina rubuta wannan ne yau Asabar, goma sha uku ga Zulƙida, 1438, wato biyar ga Agusta, 2017, ƙafafuna biyu a tsome cikin roba, ƙeyata kuma a shafe da man kaɗanya. Jiya na je hutu bakin teku. Na dawo da takalmi wari ɗaya, fatar hancina tana saɓulewa kamar ta maciji, muryata kuwa ta koma ta tsohon zakara. Da maiɗakina Hajjo ta buɗe mini ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Malam, wanda ya dawo daga hutu a haka, in ya je yaƙi ai sai a kawo shi a buhu."

Tana da gaskiya, kuma tun farko ta ƙi bin mu. Cewa ta yi ita ba kilishi ba ce da za a kai ta a shanya.

Wanda bai san ni ba, ni ne Isiyaku, tsohon malamin tarihi. Shekara ashirin na yi ina koya wa yaran sakandare bambancin abin da ya faru da abin da aka ce ya faru, kafin in zo Riyad a 1986 in kama aikin fassara. Yanzu na yi ritaya, ina zaune a unguwar Manfuha ƙarƙashin iƙamar ɗana, takardar izinin zama ke nan, wato yaron da na raɗa wa suna shi ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa mutum tawali'u. Amma ba a kaina maganar take ba, a kan maƙwabcina ne, Harouna.

Harouna mutumin Maraɗi ne. Shekara ashirin da ɗaya yana tuƙa wayit, wato tankar da ke kai wa gidaje ruwa, daga Manfuha zuwa Naseem, daga Naseem zuwa duk inda famfo ya ƙafe. Kuma bai taɓa ganin teku ba. Ranar da ya zo, kujerar tsakiya aka ba shi a jirgi. Hajji biyu ya yi, duk ta hanyar Ɗa'if, inda ba abin da ake gani sai duwatsu da birai. Yanzu an buga masa fita ta ƙarshe, jirginsa zai tashi ashirin ga wannan wata na Agusta, ba kuma zai dawo ba. Matarsa Delou kuwa ta riga ta gaya wa duk matan unguwarsu cewa mijinta a teku yake wanka.

"Malam," ya ce mini wata rana muna shan shayi a ƙofar kantin unguwa, wato bakala, "in na tahi gida sunka tambaye ni yadda teku take, mi zan ce? Ni ba ni yin ƙarya da hurhura. In ce masu na yi shekara ashirin da ɗaya ina jan ruwa ban ga uwar ruwa ba?"

Za ku ce me ya hana shi hawa mota ya je? Kilomita ɗari huɗu ne kawai zuwa gabar gabas. To, kafilinsa ba ya ba shi Juma'a cikakkiya sai da takarda mai hatimi, gidajen hutu na bakin ruwa kuma ba sa karɓar gwauro shi kaɗai, sai mai iyali ko tawaga. Saboda haka ƙofa ɗaya tak ta rage masa, ita ce tafiyar da Ƙungiyar Zumunta ta Baƙin Manfuha da Kewaye ta yi mana alkawari.

A nan dole in koma tarihi, domin ruwa ba ya tsami banza.

A watan Janairun 2010, Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu, Garkuwan Baƙi, Bango Majinginar Masu Iƙama, Allah ya ƙara wa rawaninsa tsawo, ya kafa Kwamitin Tantance Lokacin da Ya Fi Dacewa da Zuwa Bakin Teku. Mutum bakwai ne, shi ne na farko. Da yake gani ya kori ji, kwamitin ya sadaukar da kansa, ya je teku a Janairu, ya je a Afrilu, ya je a Yuli, ya je a Oktoba. Suka dawo daga ta ƙarshen fuskokinsu suna sheƙi, suka ba da rahoto cewa babu lokacin da ya kai wannan: iska mai laushi, ruwa ba sanyi ba zafi, kifi kuma da maiƙo. Gaskiya suka faɗa. Sai dai da Sakatare, Alƙalami Ka Fi Takobi, ya zo rubuta ƙuduri, ya ɗaga kai ya dubi kalandar bango. A wancan zamani iƙamarmu da watan Hijira take ƙarewa, hayar gida ma haka, duk takardar da ke da daraja da shi ake rubuta ta. Sai ya rubuta: "An zartar cewa watan Zulƙida shi ne mafi dacewa." Aka buga hatimi. Zulƙidar 1431 kuwa ta kama ne ranar tara ga Oktoba.

Da an tafi a shekarar, da babu abin da zan rubuta. Amma sannu ba ta hana zuwa. Shekarar 2011 ta tafi wajen zaɓen bas. A 2012 wani ya tuna cewa ƙasar nan teku biyu gare ta, ta gabas da Bahar Maliya, dole kwamiti ya je ya duba kowace. A watan Yunin 2013 aka mayar da hutun mako daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar, ƙudurinmu kuma Alhamis ya ambata, gyaran wannan kalma ɗaya ya ci shekara biyu da raguna da ban ƙirga ba. A 2015 hatimi ya ɓata, aka same shi bayan wata tara a aljihun babbar rigar Mai Girma. A 2016 aka tsaya jiran hulunan anko masu ɗauke da hotonsa. Kuma a duk waɗannan shekaru kwamiti bai yi barci ba. Kowace shekara yakan koma ya tabbatar teku tana nan. Na bi kwanakin waɗannan ziyarce-ziyarce ɗaya bayan ɗaya, abin sha'awa, duk a Oktoba suka faɗo. Ashe idan fatar mutum ce za ta shiga rana, ya san kalandar da zai duba.

Juma'ar makon jiya, bayan La'asar, aka tara mu a istiraha, wato gidan da ake haya don taro, aka sanar cewa komai ya kammala, za a tafi Juma'a mai zuwa. Na miƙe da kalanda biyu a hannu.

"Ranka ya daɗe," na ce, "shekarar wata ta gaza shekarar rana da kwana goma sha ɗaya. Shekara bakwai ke nan da zartar da ƙudurin nan. Zulƙidar da kuka bari a Oktoba ta yi ta ja da baya, yanzu tana tsakanin Yuli da Agusta."

"Malam Isiyaku," in ji Mai Girma, yana ɓare dabino, "Zulƙida ce ko ba Zulƙida ba ce?"

"Ita ce."

"To, me ya yi saura?"

"Zafi ya yi saura, ranka ya daɗe. Gabar gabas ba irin Riyad ba ce. Nan zafinmu busasshe ne, can kuwa a wannan lokaci akwai ruɗuba, iska tana jiƙe kamar tsumman wanke-wanke, mutum ya yi gumi gumin ya rasa inda zai je. Mai son teku yakan je a Oktoba da Nuwamba, ko Maris da Afrilu. Disamba da Janairu iskar arewa tana kaɗawa, ruwan ya yi sanyi. Yuli da Agusta kuwa ko kifi neman inuwa yake."

"Wato kana nufin watan Musulunci yana da aibu?"

"Subhanallahi. Wata ba shi da laifi. Yana zagayawa ne domin mai azumi ya ɗanɗani gajeriyar rana da doguwa. Ba a ɗora masa aikin gaya mana lokacin wanka ba. Manomin ƙauyenmu, wanda bai taɓa shiga aji ba, ba ya shuka gero don Rajab ya tsaya. Sama yake duba."

Sakatare ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, manomi ba shi da hatimi."

Aka tafa masa. Ni kuwa jinin malanta ya motsa. Na kawo musu shekara ta goma sha bakwai bayan Hijira da aka tsayar da kalandarmu, na kawo Oktoban 1582 da Turawa suka zubar da kwana goma don su daidaita tasu da rana. Na ga kawuna sun fara gyaɗawa. Wani direba daga baya ya ce shi ma ya taɓa kai kaya Dammam, can gabar gabas, a Agusta, sai da ya matse singiletinsa sau uku. Wani ya ce a ɗage zuwa Oktoba. Murya biyu ta zama goma. A karo na farko cikin shekara bakwai na ga gaskiya tana shirin cin zaɓe a ƙungiyarmu, kuma na ga Mai Girma ya fara murmushi, domin ɗagewa ita ce sana'ar da ya fi ƙwarewa a kai.

Sai na ji ana jan gefen rigata. Harouna ne, yana zaune a kan darduma kusa da ƙafata.

"Malam," ya ce a hankali, "don Allah kak ka ci gardamag ga."

"Harouna, ai ni ke da gaskiya."

"Na sani. Amma Oktoba ina Maraɗi."

Masu karatu, na taɓa tsayawa gaban sufeton makarantu na ƙi sauya shekarar wani yaƙi da ya rubuta ba daidai ba, har aka mayar da ni makarantar ƙauye. Ban taɓa janye kwanan wata ba a rayuwata. Na dubi kalandun nan biyu, na dubi Harouna, na naɗe su na sa a hammata.

"Ranka ya daɗe, na janye."

"A'a," in ji Sakatare, "ba a janyewa haka kawai. Maganarka ta riga ta shiga rahoto. Sai ka faɗi kishiyarta, ita ma ta shiga, su kashe juna."

Haka na tsaya gaban mutum arba'in da uku, ni da na karanta tarihi har digiri, na furta cewa bisa binciken da na sake yi a cikin daƙiƙa biyun da suka wuce, Agusta lokacin sanyi ne. Mai Girma ya yaba mini, ya ce abin da babba ya hango, ko malami sai ya daɗe kafin ya hango.

Jiya aka ce kowa ya hallara ƙarfe shida na safe. Harouna ya zo tun biyar da rabi, da sabuwar jallabiya fara da turare. Mai Girma ya iso ƙarfe takwas, ya yi mana addu'a ta tagar motarsa mai sanyi, ya wuce gaba. Muka bi shi a bas, kowa da hularsa mai hoton Shugaba, kai ka ce mutum ɗaya ne aka haifa sau arba'in. Muna shiga jan yashin Dahna mukayyif ɗin bas, wato na'urar sanyaya iska, ya yi tari biyu ya cika. Direba ya ce mu buɗe tagogi. Muka buɗe, muka ji kamar an buɗe murhun gidan burodi, muka rufe. Muka sallaci Juma'a a hanya, muka isa gidan hutun wajen ƙarfe ɗaya da rabi.

Ina sauka tabarauna ya rufe da hazo, na daina ganin komai. Na ji dai mudir, wato manajan wurin, yana karanta takardarmu, ya kai kan shekarar 1431, sai ya tambayi Sakatare ko a ƙafa muka taho.

Aka shigar da mu zauren taro, labule a sauke ko'ina. Harouna ya nufi taga, Sakatare ya tare shi, ya ce ganin teku shi ne abu na shida a ajanda. Na ɗaya addu'a, na biyu gabatar da manyan baƙi, waɗanda su ne 'yan kwamiti, na uku cin shinkafar kabsa, na huɗu jawabin Shugaba, na biyar godiya ga Shugaba saboda jawabinsa. Jawabin ya ɗauki sa'a ɗaya da minti goma, na duba agogo. Ya yi magana a kan haƙuri, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa ya ɗauki shekara bakwai yana fafe namu. Harouna bai taɓa shinkafarsa ba. Idonsa na kan labule.

Ƙarfe uku da kwata aka zo abu na shida. Mai Girma ya kama igiya, ya ce da ikon da aka ba shi yana gabatar mana da teku. Ya ja.

Babu teku.

Laka ce shimfiɗe, toka-toka, iyakar ganin ido, da ƙananan jiragen ruwa biyu kwance a kan haƙarƙarinsu, da wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu yana yawo kamar mai neman abin da ya yar. Aka kira mai gadin wurin. Ya ɗaga kafaɗa ya ce da Larabcin 'yan aiki, "Bahar ruh. Ba'ad Magrib iji." Wato teku ta tafi, sai bayan Magariba za ta dawo. Gabar nan shimfiɗaɗɗiya ce, idan ruwa ya janye yakan yi nisa ƙwarai, musamman in wata ya kusa cika. Watan nan dai da ya ja mu zuwa Agusta, shi ne kuma ya janye ruwan. Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna ni ne mutumin da ya ce Agusta sanyi gare ta, na rufe.

"An sanar da ita zuwanmu?" in ji Mai Girma.

Sakatare ya duba fayil ya ce ba a ga kwafin wasiƙa ba.

"To a rubuta ba ta halarta ba. Ƙarfe huɗu bas za ta tashi, haka ajanda ta ce."

Harouna ya cire hular anko ya ajiye a kan kujera, ya tuɓe takalmansa, ya naɗe jallabiya zuwa gwiwa, ya buɗe ƙofar gilashi ya fita. Na bi shi, ban san dalili ba, wataƙila don kada a ce abin ya faru babu mai shaida. Ban cire nawa takalman ba, saboda mutunci. Taku na ashirin laka ta karɓi na hagu, ta ƙi mayarwa.

Mun yi tafiyar minti goma sha takwas. Rana tana dukan ƙeya, iska ta tsaya cik, ƙananan ƙaguwa suna gudu suna shigewa ramuka. Ina haki ina ce masa mu koma, shi kuwa ko waiwaye. Can sai lakar ta fara ƙyalli, sai ruwa ya rufe idon sawu, da ɗumi kamar shayin da aka manta a kofi. Na goge tabarau da gefen riga. Ga ta nan. Shuɗiya-shuɗiya, fara-fara, kwance har inda ta haɗu da sama ba a ga ɗinkin ba.

Harouna ya shiga har gwiwa. Ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, duk wanga ruwa, ba mai shi?"

"Na Allah ne."

"Ba mita, ba layi, ba mai kira shi ce ka yi latti." Ya girgiza kai. "Shekara ashirin da ɗaya ina gudu da ruwa cikin gari kamar na sato shi, ashe ga shi nan kwance ya rasa abin yi."

Ya ciro waya ya kira Maraɗi. Ya ce, "Delou, saurara," ya miƙa wayar saitin ruwa. Amma tekun jiya ko motsi ba ta yi, zafi ya kashe mata jiki. Na jiyo muryar Delou tana cewa ita ba ta ji komi ba, ko dai ƙarya yake shirya mata. Sai ga dattijo mai shekara kusan sittin yana buga ruwa da ƙafa, facal, facal, yana riƙe da waya a ƙasa, sabuwar jallabiya tana shan laka.

"Kin ji?"

"Na ji. Wannan ai kamar wankin ɗiyarmu Hadiza ne a kwano. Ina iyakarta?"

Ya ɗaga kai ya duba. "Babu," ya ce. Ya tsaya da wayar a kunne har kuɗinta ya yanke su.

Daga nesa muka jiyo bas tana ta oda. Muka juyo. Ruwan ya fara biyo mu a baya sannu-sannu, yana cike sawunmu. Da muka hau, wani ya leƙa taga ya ce kamar ga wani abu can yana ƙyalli. Sakatare ya ce an riga an rufe abu na shida.

Yau da hantsi rahoton tafiyar ya shigo wayoyinmu. Ya ce an samu gagarumar nasara. Ya ce sai dai, da yake mutum biyu ne kacal cikin arba'in da uku suka yi iƙirarin ganin teku, adadin bai kai kashi ɗaya cikin uku da tsarin mulkin ƙungiya ya tanada ba, saboda haka a hukumance ba a gan ta ba. Na haura sama na karanta wa Harouna. Yana ɗaure akwati da igiya, jallabiyar tana rataye a ƙusa, ya ce ba zai wanke ta ba sai Delou ta ga lakar.

"Su rubuta abin da sunka ga dama," ya ce. "Gishirin na nan bakina."

Sakin layi na ƙarshe na rahoton shi ya fi burge ni, domin a cikinsa kwamiti ya nuna dattaku. Ya amince cewa Zulƙida ta bar wurin da aka ajiye ta ba tare da sanar da shugabanni ba. Amma tun da ba a taɓa ƙuduri mai hatimi, an yanke shawarar a jira ta ta gama zagayenta ta dawo Oktoba da ƙafarta. Na yi lissafin da kaina, kuma a wannan karon daidai suka yi: Zulƙidar 1464 ce, Oktoban 2042. An buɗe rajista. Na sa sunana, lokacin ina da shekara casa'in da tara a lissafin rana, ɗari da biyu a na wata. Sakatare ya karɓa, ya kuma ja kunnena in fito da wuri, domin bas ba za ta jira kowa ba.